Sunan da Ya Maƙale a Bakin Mailafiya

A wani lungu da ke bayan kasuwar Hindawiyya, cikin garin Makka, a shekarun sittin, akwai wani tela da ake kira Mailafiya, sunan kuwa ya bi shi, don ba a taɓa jin muryarsa ta ɗara ƙarar keken ɗinkinsa ba. Mutumin Ƙaraye ne ta ƙasar Kano. Da ƙafa suka zo shi da matarsa Hajo, suka ratsa Sudan suna tsinkar auduga a gonakin mutane, suka tsallako teku a jirgin katako, suka sauke farali, sannan suka waiwayi hanyar gida suka ga tsawonta, suka ce a bari sai baɗi. Baɗin nan har yau ba ta zo ba. Ya samu takardar zama ɗan ƙasa tun abin bai yi wuya ba, ya kama shago mai faɗin tabarma biyu, ya zauna.

Babban ɗansa sunansa Mukhtaru. Amma fa kada wani ya je ya ce daga bakin Mailafiya ya ji. Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna, uban bai taɓa kama shi ba. A garinsu haka ake yi: uba ba ya faɗar sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a idon mutane, ba ya yabonsa, duk wata magana da ta shafe shi kuma ta baffansa ce. Haka uban Mailafiya ya yi masa har ya koma ga Allah, shi ma haka ya ɗauko abin ya tsallako da shi teku, tare da buta da tabarmar salla. In zai kira yaron sai ya ce "kai," in zai yi zancensa sai ya ce "wancan." Hajo ma tana da tata kunyar, amma ita ta samo mafita, ta laƙaba masa Dogo.

Abin dariyar shi ne, Allah ya tashi sauke Mailafiya sai ya sauke shi a garin da ake kiran uba da sunan ɗansa na fari. Akwai wani Bayamale, mutumin Yaman, mai sayar da ful, wato dafaffen wake na karin kumallo, daura da shagonsa. Kullum da safe sai ya ɗaga ludayi ya kwaɗa masa gaisuwa: "Barka da asuba, ya Abu Mukhtar!" Kullum kuma sai Mailafiya ya sunkuya ƙarƙashin keke ya hau neman allurar da ba ta faɗi ba. Shekara da shekaru suna wannan, mai ful bai gaji ba, Mailafiya bai amsa ba. Mutumin har ya yanke cewa maƙwabcin nasa kurma ne da safe.

Da yake ba shi da ɗan'uwa na jini a Makka, amininsa Idris mai tsire shi ne ya zama baffa. Idris ne ya kai yaron makaranta, shi yake zuwa in an kira iyaye, shi yake zane shi in ya yi ƙiriniya, shi kuma yake cika masa ciki da tsire bayan zanen. Malaman makaranta da yawa sun ɗauka Idris ne uban.

Yaron kuwa ya tashi yana tsawo kamar ana jan sa da igiya. Kafin ya shiga sakandare ya fara sunkuyawa a ƙofar ɗaki. Mailafiya ba zai iya tsayar da shi ya gwada shi da tef ba, wannan ai rashin ta-ido ne. Sai dai ya faki ido in yaron zai fita, ya ga inda kafaɗarsa ta kai a jikin bango, ya yanka yadi. Da yamma sai ya miƙa wa Hajo riga a naɗe ya ce, "Ki ba wancan, ta jikinsa ta ɗage." Ba a taɓa samun rigar da ta yi kuskure ko da yatsa ɗaya ba.

A sakandare ne wani malamin motsa jiki, Bamisire, Ustaz Abdulganiyyu, ya hango shi ya zarce kowa a layin ɗalibai na safe, ya kamo hannunsa ya ɗora masa ƙwallon kwando. Shi ke nan, kamar an haɗa tsofaffin abokai. Yaron da ke tuntuɓe da ƙafarsa in yana tafiya, da ya shiga fili sai jikinsa ya saki. Yana buga ƙwallon da ƙasa tana dawo masa hannu kamar ya ɗaure ta da zare, ya bi ta tsakanin mutane, ya tashi sama ya ajiye ta cikin zobe a hankali. Makarantarsu ta cinye makarantun Makka, ta je Ta'if ta cinye, yaran Hindawiyya suka fara rataye tsofaffin bokitai marasa gindi a jikin bango.

A gida Mailafiya bai taɓa cewa uffan ba. In Hajo ta kawo zancen sai ya taɓe baki ya ce, "Wane irin wasa ne wannan, a yi ta wahalar zuba abu a kwandon da ba shi da gindi?" Amma duk ranar da ake wasa, da an idar da sallar la'asar sai zare ya ƙare masa a shago. Ya rufe ƙofa ya ce zai je sayo zare. Hanyar mai zaren kuwa, ikon Allah, ta bayan katangar makaranta take bi, inda wani bulo ya fita ya bar kafa daidai idon mutum gajere. Nan Mailafiya yake tsayawa, hula a karkace. In yaron ya jefa ta shiga, sai ya ciji bakin rawaninsa don kada ihu ya kuɓuce masa. Yana son yaron nan so mai tsanani, irin wanda yake sa ƙirji ciwo, ba wanda ya sani sai Allah sai wannan katanga.

Shekarar da Mukhtaru ya gama sakandare, sai babban labari ya zo. Akwai wani attajiri a garin, Shaikh Bakur, mai garejin motocin ɗaukar alhazai, wanda ya kafa kulob na wasanni, abin da mutanen garin ke kira nadi. Wanda duk ya ɗauka, zai ba shi albashi duk wata, ya ba shi kujera a garejin don a ce yana aiki, amma aikinsa na gaskiya shi ne ƙwallo: Jidda yau, Madina gobe. Ustaz Abdulganiyyu ne ke horar da 'yan wasan da yamma, kuma ya daɗe yana cika wa Shaikh kunne da zancen dogon yaron Hindawiyya. Mailafiya ya ji labarin tun kafin a gaya masa, don har ya gano wata kafar a katangar nadin.

Sai dai Shaikh Bakur yana da ƙa'ida guda: ba ya ɗaukar ɗan kowa sai ya ji yardar uban da kunnensa. Saboda haka wata ranar Asabar da hantsi, wata doguwar mota ta toshe bakin lungu, Shaikh ya fito da tumbinsa da carbinsa, Ustaz na biye, Mukhtaru na bayansu cikin wankakkiyar riga, baki har kunne. Rashin sa'a, a makon nan Idris ya tafi ziyara Madina.

"Assalamu alaikum, ya Abu Mukhtar!" in ji Shaikh, ya buɗe hannuwa.

Mailafiya ya amsa sallamar, amma rabin na biyun ya bar shi a ƙasa. Ya shimfiɗa musu darduma, ya aika aka kawo shayi da na'ana'a. Gumi ya riga ya jiƙa masa ƙeya.

Shaikh ya kurɓi shayi ya ce, "Masha Allah, Allah ya ba ka zaki a gida. Na zo neman ɗanka ne, ya buga mana wasa. Me ka gani game da shi?"

Ga manyan baƙi, ga mai ful ya miƙo wuya, ga yaron kansa tsaye a bakin ƙofa ya tare haske. A ce mutum ya yabi ɗan farinsa a nan? Mailafiya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bakinsa ya yi abin da ya saba, da Larabcinsa na kasuwa: "Wancan? Ai ba abin da ya iya sai cin abinci da tsawon banza."

Ustaz ya yi 'yar dariya, yana zaton wasa ne. Shaikh bai yi ba. Ya ce, "To, amma ka yarda mu ɗauke shi?"

Mailafiya ya juya musu gefe, ya kama gyaran zaren keke. "Ba ni da magana a kansa," ya ce. "Ba nawa ba ne."

Abin da yake nufi a fili yake ga duk wanda ya sha ruwan Ƙaraye: ku jira baffansa ya dawo, shi zai ba ku, ni kuwa ina godiya. Amma Shaikh Bakur ruwan Zamzam ya sha. Abin da ya gani shi ne uba ya ƙi amsa sunansa, ya kushe ɗansa, ya juya wa baƙi baya, ya kuma ce ɗan ba nasa ba ne. Ya ajiye kofin shayi da saura a ciki, ya tattara rigarsa ya miƙe.

"Yaron da ubansa bai yarda da shi ba, ba zai sa rigar nadina ba, ko da ƙwallo ce ke bin sa da ƙafarta," ya ce. Ya dafa kafaɗar Mukhtaru da tausayi, sai da ya yi ɗage kafin ya kai. "Ka je ka nemi yardar mahaifinka, ya waladi, yarona."

Motar ta ja da baya ta fice. Mailafiya ya zauna yana jin daɗin yadda ya fita kunya lafiya, har yana cewa a ransa baƙin nan masu mutunci ne, ba su ja zance ba. Sai da ya koma gida cin abincin rana ya tarar da Hajo tsaye a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Malam, me ka yi?"

"Me na yi kuwa? Na karɓi baƙi."

"Ka karɓe su ko ka kore su? Dogo ya shigo ya kwanta ya juya wa bango fuska, ko tuwo bai kalla ba. Dogo fa, ya ƙi tuwo! Ya ce ka ce shi ba naka ba ne."

"Haba, Hajo. Ke ma kin san abin da nake nufi."

"Ni na sani, don tare muka taho. Balaraben nan a ina zai sani? Shi kansa yaron a ina zai sani, a Ƙaraye aka haife shi? Ni ma ban taɓa kama sunansa ba, amma na san ranar da ake ajiye kunya a ɗauki hankali."

Nan ne fa gaban Mailafiya ya faɗi. Tuwon da bai ci ba ke nan shi ma.

Da Idris ya dawo daga Madina ya ji abin da ya faru, sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya yi salati, ya sa babbar rigarsa ya tafi gun Shaikh. Ya yi masa bayanin al'adar tun daga tushe. Da yamma ya dawo ya zauna a bencin shago yana fifita da hula.

"Mutumin ya gane, har ya yi ta mamaki yana tafa hannu," in ji Idris. "Amma ya kafe. Ya ce shi ba ya karɓar ɗa daga hannun baffa alhali uba na raye yana taka keke. Ya ce ka zo da ƙafarka ranar Alhamis bayan la'asar, ranar da za a raba rigunan wasa kafin tafiya Jidda, ka nuna ɗanka, ka kira shi da sunansa, ka ce ka yarda. In ba ka zo ba, rigar ta wani ce."

"Da sunansa?"

"Da sunansa. Ba ni na raɗa ba, kai ka zaɓa."

"Idi, ba za ka ce masa ina da ciwon haƙori ba?"

"Ciwon haƙorin shekara goma sha tara? Tashi ka nemi bakinka, Alhaji."

Washegari Mukhtaru ne ya kawo masa abincin rana shago, don Hajo ta ce ƙafarta na ciwo, ƙafar da aka gan ta lafiya lau da safe. Ya ajiye kwanon, ya tsaya, kansa na gogar rufi. Hausarsa ta 'yan Makka ce, rabi da rabi.

"Abuya, halas, shi ke nan, kada ka wahalar da kanka. Zan nemi shugul a wani wuri, ko wane irin aiki ne." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Ni dai wallahi ban taɓa jin sunana a bakinka ba. Da ina ƙarami na ɗauka ka manta shi ne."

Ya sunkuya ya fita. Mailafiya ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Ya manta shi? Sunan da ya zaɓa tun suna cikin gonar auduga, tun yaron bai zo duniya ba? Sunan da yake faɗa a zuci a kowace sujada? Maganar ta soke shi ƙwarai, ya zauna abinci ya huce a gabansa.

Daga ranar ya shiga gwaji. Ya kan rufe ƙofar shago rabi, ya taka keke da ƙarfi don ƙara ta rufe, ya buɗe baki: "Mu… Mu…" Sai harshen ya naɗe. Ya sake. "Mukh…" Sai ya ji kamar ubansa na tsaye a bayansa yana kallonsa. Mai ful ya leƙo sau ɗaya ya tambaya ko ƙaya ce ta maƙale masa. Cikin wannan taka keken na ɓoye murya kuwa, hannunsa bai zauna banza ba, wani yadi ruwan goro da fari yake ta bi ƙarƙashin allura.

Ranar Alhamis Mailafiya ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, ya saƙale wani ƙunshi a hammata. Idris ya riga ya tafi da Mukhtaru tun da wuri, ya ce ko ba komai ya yi wasan ban-kwana da abokansa. Mailafiya ya isa nadin, ƙafarsa ta nufi bayan katanga da kanta, sai da ya tsawata mata sannan ta bi ta ƙofa.

Filin siminti ne, an yayyafa masa ruwa, samari na ta kai-komo da ƙwallo. Shaikh Bakur na zaune a kujera a inuwa, rigunan wasa a jibge kan tebur a gabansa, Ustaz na tsaye da usur a wuya. Da Shaikh ya hango shi sai idonsa ya yi ƙyalli irin na mutumin da ya shirya shan daɗi.

"Ahlan, ahlan! Tafaddal. Me ke tafe da kai, ya Hajji?"

"Na zo ne… kan maganar yaron."

"Wane yaro? Ga yara nan cike da fili."

"Dogon."

"Duk dogaye ne, ya Hajji. Gajere ba ya shigowa nan sai ni da kai."

"Baƙin."

"Uku ne baƙaƙe, masha Allah."

Mailafiya ya share gumi. "Wanda ƙwallo ke hannunsa."

Kafin ya rufe baki Mukhtaru ya miƙa wa wani ƙwallon. Shaikh ya ce, "Wannan? Ai ɗan Bukhari mai burodi ne, na san ubansa." Idris ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ustaz ya cusa usur a baki don ya ɓoye dariya.

Shaikh ya ɗaga riga ɗaya daga kan tebur, mafi tsawo a ciki, ya karkaɗe ta. Fuskarsa ta daina wasa. "Ya Hajji, rana na faɗuwa. Akwai wani yaro daga unguwar Jarwal, ubansa ya zo nan sau uku yana roƙo. In babu mai kiran mai wannan riga, zan ba shi."

Mailafiya ya dubi fili. Yaron na can ƙarshen siminti, ya ba su baya da gangan, yana gudu ba tare da ya waiwayo ba, kafaɗun nan da ya auna da ido tun suna kamar na ɗan tsako sun sauka kamar an ɗora musu buhu. Ya ga ɗansa ya riga ya fid da rai da shi. Wannan ne abin da ya kasa ɗauka. Ya ajiye ƙunshinsa, ya cika ƙirji da iska.

"MUKHTARU!"

Tattabarun da ke kan katanga suka watse. Ba wanda ya taɓa sanin akwai irin wannan murya cikin ɗan jikin nan, har shi mai ita. Mukhtaru ya tsaya cak, ya juyo, baki buɗe. Abokin wasansa kuwa ya riga ya jefo masa ƙwallo, ta zo ta same shi a goshi, tim, ta yi sama. Gwanin Makka guda, ko hannu bai ɗaga ba.

Fili ya kece da dariya da tafi. Mailafiya kuwa, da murfin ya buɗe, sai abin ya ƙi rufuwa. Ya juya ga Shaikh yana nuna yaron da yatsa, Larabci da Hausa na karo da juna a bakinsa.

"Ɗana ne! Nawa ne, na yarda, na ƙara yarda! Kai ka san abin da ka samu kuwa? Ranar da suka yi da makarantar Ma'abda, mutum uku suka tare shi, ya bi ta ƙarƙashin hammatar na tsakiya ya jefa da hagu! Da hagu fa! Ranar da ya gurɗe a ƙafa, ya tashi yana ɗingishi ya jefa daga tsakiyar fili, ko zoben ba ta taɓa ba! Kuma alƙalin nan mai gilashi ya cuce shi ranar Talata, ƙafarsa ba ta taka layi ba, ina gani da idona!"

Ya tsaya don numfashi, sai ya ga kowa ya zuba masa ido. Mukhtaru ya iso gabansa, goshi ya fara kumbura.

"Abuya," ya ce a hankali, "a ina ka ga duk wannan?"

Mailafiya ya dawo hayyacinsa. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama. "Hanyar mai zare ce ta bi ta nan," ya ce.

Idris ya zauna daɓas a kan siminti don dariya. Mukhtaru bai yi dariya ba. Hawaye ne suka zubo masa, ya naɗe tsawon nan nasa biyu, ya sumbaci kan ubansa yadda 'ya'yan Makka suke yi, ya daɗe bai ɗago ba. Mailafiya ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi, sannan hannunsa ya tashi da kansa ya dafa ƙeyar yaron. Rabonsa da taɓa kan nan tun yana jariri, shi ma sai in Hajo ta fita ɗebo ruwa.

Shaikh Bakur ya fyace hanci da ƙarfi ya miƙa rigar. Mukhtaru ya zura ta, ta tsaya masa a saman cibiya, wandon kuwa ba a magana. Mailafiya ya yi tsaki irin na tela, ya kwance ƙunshinsa, ya fito da riga da wando ruwan goro da fari, launin nadin sak, har da ɗan layin da ke gefen wando. Yaron ya sa, suka zauna masa kamar a jikinsa aka ɗinka.

"Yaushe ka gwada shi?" in ji Ustaz.

"Gwaji kuma? Ɗan nawa?" in ji Mailafiya.

Washegari motar nadi ta tafi Jidda da Mukhtaru a kujerar gaba, don nan ne kawai ƙafarsa ke samun wuri. Suka ci wasan. Ranar da suka dawo, yaran Hindawiyya suka tare shi tun daga bakin titi suna buga gwangwanaye, Idris ya raba tsire kyauta har tire ya ƙare, Hajo ta yi guɗa daga bayan labule, ta manta a Makka take. Daga nan Mukhtaru ya zama ɗan wasa sosai, wanda ƙwallo ke ciyar da shi, ana jin labarinsa har Madina.

A gida kuwa, da aka natsa, ya zo ya durƙusa kusa da ubansa ya ce, "Abuya, ka ƙara faɗa mana sau ɗaya."

Mailafiya ya sha mur. "Kai, tashi ka ba ni wuri. Hajo, ki ce wa wancan ya rage surutu." Amma gefen bakinsa na motsi, kuma duk sun gani.

Da gari ya waye ya buɗe shago, ya kakkaɓe keke, ya zauna. Mai ful ya ɗaga ludayi kamar kullum, ko kallonsa bai yi ba, don ya daɗe da daina jiran amsa.

"Barka da asuba, ya Abu Mukhtar!"

Mailafiya ya fara sunkuyawa neman allura, ya kai rabi ya tsaya. Ya ɗago, ya gyara zaman hularsa, ya dubi mutumin ido cikin ido.

"Na'am," ya ce. "Barka kadai."

Ludayin ya suɓuce ya faɗa cikin tukunyar ful.